Rashin ƙarfin gidanmu zai hana a ɗauke ni karatun likitancin haƙori?

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 23, muna zaune a Amurka da iyayena, kuma ina da takardar zama 'yar ƙasa. Na gama digirin farko, yanzu ina aiki a wani asibitin haƙori ina taimaka wa likita. Burina in zama likitar haƙori, kuma ina shirin cika fom a watan Yuni mai zuwa. Babana direban haya ne, Mamana tana aikin kula da tsofaffi, ina da ƙanne uku duk suna makaranta. Yayana ya ce kada in kuskura in nemi rangwamen kuɗin fom, kada kuma in rubuta a ko'ina cewa gidanmu ba shi da ƙarfi. Wai makarantun nan kasuwanci suke yi, da sun ga ba za ka iya biya ba sai su ture takardarka gefe. Har ya ce zai ranto kuɗi a zuba a asusun Baba na 'yan watanni don a ga muna da hali. Shi kuma Baba ya ce ba ya so in fara rayuwa da bashi a wuyana, gara ya sayar da motarsa, abin da ya rage ya sa hannu a banki a madadina. Anti, na kasa barci. Da gaske talauci yana hana a ɗauki mutum? In kuma an ɗauke ni, da me zan biya ba tare da na jefa iyayena cikin wahala ba?

Wa alaikumus salam 'yata. Bari in fara sauke miki nauyin farko, don shi ne mai sauƙi. Ga ɗaliba 'yar ƙasa kamarki, a mafi yawan makarantun likitancin haƙori na Amurka, kwamitin da ke zaɓen ɗalibai daban yake da ofishin da ke kula da tallafin kuɗi. Masu zaɓe suna duba makinki na digiri, musamman a darussan kimiyya, da sakamakon DAT, wato jarrabawar shiga makarantar haƙori, da wasiƙun waɗanda suka san aikinki, da abin da kika rubuta game da kanki, da yadda kika yi a ganawa. Fom ɗin AADSAS da galibin makarantu ke amfani da shi ba ya neman takardar banki. Ko lokacin kansa ya isa shaida: ana fara miƙa fom a farkon Yuni, fom ɗin neman tallafin gwamnati na FAFSA yakan buɗe ne a Oktoba, makarantu na fara sanar da waɗanda suka ɗauka a tsakiyar Disamba, sannan wasiƙar lissafin kuɗi ta biyo baya.

Kuma ba wai tsabar kirki ne ya sa ba sa tambaya ba. Sun san da me ake biyan su. Binciken da ƙungiyar makarantun haƙori ta Amurka, ADEA, take yi wa masu kammalawa ya nuna cewa kusan huɗu cikin biyar da bashi suke fita, kuma matsakaicin bashin a 'yan shekarun nan yana wajen dala 300,000. Wato ajin da za ki shiga cike yake da mutanen da iyayensu ba su biya musu ba. Ba ke kaɗai ba ce, kuma ba ke ce baƙuwa a cikinsu ba.

Yayanki bai ƙirƙiro maganarsa ba, sai dai ya ɗauko dokar wasu ya ɗora miki. Wanda zai zo daga wata ƙasa da bizar ɗalibi, dole ya nuna shaidar kuɗin aƙalla shekarar farko kafin makaranta ta ba shi takardar I-20 da ake neman bizar da ita, ba ya kuma samun rancen gwamnatin tarayya, wasu makarantun ma ba sa ɗaukar baƙi kwata-kwata. A wurin irin wannan ɗalibi, gaskiya ne, rashin kuɗi na iya hana shi zama a gurbin da ya ci. Ina kyautata zaton a bakin irinsu Yayanki ya ji. Amma shawarar zuba kuɗin aro a asusun Baba, ki roƙe shi ya bar ta. Ba wanda zai duba asusun a lokacin zaɓe. Wanda zai duba shi daga baya shi ne ofishin tallafi, kuma shi neman marasa ƙarfi yake yi don ya ba su. Kin ga ke nan kun ranto kuɗi don ku hana kanku taimako. Bayan haka, rubuta abin da ba haka yake ba a takardar gwamnatin tarayya laifi ne, kuma sana'ar da kike nema ba ta yafe wa wanda aka kama da ƙarya a takarda.

Ni a ganina ma ki faɗa, kada ki ɓoye. A cikin fom ɗin akwai inda ake tambayar iliminsu Baba da sana'arsu, akwai kuma gurbin da mai nema zai bayyana in ya taso cikin rashi. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na watan Yunin 2023, makarantu ba sa iya fifita mutum saboda launin fatarsa, amma ba a hana su duba halin da ya taso a ciki ba. Akwai kuma makarantun da manufarsu tun asali ita ce samar da likitoci ga al'ummomin da ba su da masu duba su, irin su Jami'ar Howard da ke Washinton da kwalejin Meharry da ke Nashbil, da makarantun jihohi da dama. Abin lura shi ne yadda za ki rubuta. Kada ki tsaya a kan "mun sha wahala", kowa na iya faɗin haka. Ki nuna musu ranarki: in kin yi digiri kina aiki awa ashirin a mako, ki faɗi awannin, in ke ce mai kai ƙannenki makaranta kafin ki shiga lacca, ki faɗa, in akwai zangon da makinki ya faɗi saboda an rage wa Mama aiki, ki bayyana, sannan ki nuna yadda ya sake tashi. Mai karatu ya ga mace mai ɗaukar nauyi, ba mai neman a ji tausayinta ba. Sai dai ki sani, wannan bayani fitila ne da za a karanta makinki da ita, ba ya maye gurbin makin. DAT mai rauni ba ta gyaruwa da labari mai daɗi.

Inda talauci ke cizo da gaske kuwa, kafin a kai ga kwamitin ne. Kuɗin DAT ya haura dala 500. Fom ɗin AADSAS sama da dala 250 ne a makarantar farko, sannan sama da dala 100 a kowace da kika ƙara. Makarantu da yawa na da nasu ƙarin kuɗin. In an kira ki ganawa ido da ido, ga jirgi ga masauki. In an ɗauke ki, za a nemi kafin alƙalami don a riƙe miki gurbi, sau da yawa ba a mayarwa, kuma wa'adin amsawa gajere ne. Duk wannan yana zuwa ne kafin a ba ki ko sisi na rance. Saboda haka rangwamen da Yayanki ya hana ki, shi ne abu na farko da za ki nema. Shirin rangwamen ADEA yana ɗauke kuɗin makarantu uku na farko, ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka, ADA, kuma tana yafe rabin kuɗin DAT ga wasu masu buƙata. Duka biyun kuɗinsu ƙayyadadde ne, wanda ya riga shi ke samu, kuma na fom ɗin sai an amince miki kafin ki miƙa, ba a mayar da abin da aka riga aka biya. Ki haɗa takardun haraji tun yanzu. Ki kuma miƙa fom da wuri, don makarantu da yawa suna dubawa ne yadda takardu ke isowa, wanda ya jira sai kaka yakan tarar gurabe sun ragu.

To, yanzu mu zo ga tambayarki ta biyu, wadda ita ce ta cancanci ta hana ki barci, ba ta farko ba. Shekaru da dama ɗalibin haƙori ɗan ƙasa yana iya rantar duk abin da makaranta ta ƙiyasta daga gwamnatin tarayya, ta hanyar rancen Direct Unsubsidized da kuma Grad PLUS. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta sauya wannan. Daga 1 ga Yulin 2026 an rufe Grad PLUS ga sababbin masu rance, aka kuma sa iyaka ga masu karatun sana'o'i irin naki: dala 50,000 a shekara, dala 200,000 gaba ɗaya. In likitan da kike yi wa aiki ya ce miki "ki shiga kawai, gwamnati za ta ba ki duka", gaskiyar zamaninsa ya faɗa, ba ta naki ba.

Ki ɗauki biro mu yi lissafi. A ce makarantar jiharki, in an haɗa kuɗin karatu da kayan aiki da haya da abinci da inshorar lafiya, ta tashi dala 75,000 a shekara. Giɓinki dala 25,000 ne a shekara, dala 100,000 a shekara huɗu. A ce kuma wata mai zaman kanta a babban birni ta tashi dala 130,000, kuma akwai masu kaiwa haka. Giɓin ya zama dala 80,000 a shekara, dala 320,000 kafin ki gama, ban da dala 200,000 na gwamnati. Shi ma na gwamnatin kuɗin ruwansa yana fara hawa ne tun ranar da aka ba ki, ba sai kin kammala ba. A 'yan shekarun nan yana wajen kashi 8 cikin ɗari, wato dala 50,000 ta shekarar farko tana haifar kusan dala 4,000 duk shekara kina cikin aji. Kuma kada ki duba kuɗin karatu kaɗai. Ɗalibin haƙori yana sayen ko hayar kayan aikin hannu, da tabarau mai ƙara girman abu, da haƙoran roba na gwaji, kuma waɗannan dubban daloli ne, musamman a shekaru biyun farko. Ki nemi jimillar da makaranta ta ƙiyasta na duka shekara huɗu.

Wannan giɓin ne ke kai mutane bankunan kasuwa, kuma nan ne sa hannun Baba zai shigo. 'Yata, ina so ki fahimci abin da sa hannun yake nufi kafin shi ya ɗauki biro. Wanda ya tsaya wa mai rance ba shaida ba ne, shi ma mai bashin ne. In kika yi jinya, ko karatu ya tsaya, ko aiki ya yi jinkiri, shi za a bi gaba ɗayan kuɗin, kuma sunansa ne zai ɓaci a wurin masu ba da bashi, alhali yana da yara uku a baya. Rancen banki kuma ba shi da sassaucin na gwamnati, inda ake iya daidaita biyan wata da abin da mutum ke samu. Batun mota kuwa, ki ce masa a'a cikin ladabi amma ba tare da kwana-kwana ba. Motar ita ce abincin gidan, kuma kuɗinta da wuya ya rufe zango ɗaya.

Kada ki ga laifinsa. Mutumin da ya kwashe shekaru yana tuƙi don kada 'ya'yansa su roƙi kowa, dole kalmar bashi ta yi masa ɗaci, kuma wataƙila kuɗin ruwan ma yana damun zuciyarsa ta fuskar addini ko da bai furta ba. In haka ne, wannan magana ce da za ku kai wa malamin da ya yarda da shi, ba ni zan yanke ba. Abin da zan iya nuna miki shi ne akwai hanyoyin da ba bashi ba ne, ana biyansu da aiki.

Ta farko ita ce tallafin wani shirin gwamnatin tarayya mai suna National Health Service Corps. Suna biyan kuɗin makaranta, su ba da alawus duk wata, ke kuma ki yi aiki a yankin da ke da ƙarancin likitoci, shekara ɗaya a kan kowace shekarar da suka biya, mafi ƙaranci shekara biyu. Masu nema suna da yawa, amma suna fifita waɗanda suka taso cikin rashi, kin ga wani wurin da ɓoyewar za ta cuce ki. Ki karanta yarjejeniyar da kyau, don wanda ya karya ta ana bin sa ninki uku na abin da aka kashe masa, har da kuɗin ruwa. Ta biyu ita ce HPSP, tallafin karatun aikin lafiya na sojojin ƙasa da na ruwa da na sama: su ma suna biyan karatu da alawus, ki fito hafsa, ki yi musu aiki gwargwadon shekarun da suka biya, a inda suka tura ki. Wannan ba ta kowa ba ce. Akwai gwajin lafiya, akwai kaki, akwai nisa da gida, kuma wadda ta shiga don kuɗi kawai takan ƙirga kwanaki. Amma in zuciyarki ta karɓa, ki tuntuɓe su tun lokacin da kike cika fom, ba sai an ɗauke ki ba. Duka biyun sai ɗan ƙasa, mai katin zama na dindindin yana samun rancen gwamnati amma ba ya samun waɗannan.

Akwai kuma rancen Health Professions Student Loan da wasu makarantu ke bayarwa ga masu buƙata: kuɗin ruwansa kashi 5 ne, ba ya hawa sai bayan an gama karatu da shekara guda. Ko da yake gwamnati tana ɗaukar ɗalibin haƙori a matsayin mai cin gashin kansa, wannan rancen sai an kawo bayanin abin da iyaye ke samu. Bayan kammalawa, wanda ya yi aiki da gwamnati ko asibitin da ba na riba ba, ya yi biya 120 na wata-wata, ana iya yafe masa ragowar rancen tarayya a ƙarƙashin shirin PSLF. Ki sa shi a lissafi amma kada ki jingina duka a kansa, dokokin rance sun sha sauyawa.

Shawarata da ta fi kowacce nauyi ita ce ki zaɓi makarantun da za ki nema da farashi a gabanki. Ki fara da ta jiharki, in tana da ita, don 'yan jiha sun fi samun gurbi kuma sun fi biyan kaɗan. A Tekzas, alal misali, doka ta kayyade cewa 'yan wajen jiha ba za su wuce kashi 10 cikin ɗari ba a makarantun gwamnati, makarantar haƙori ta Jami'ar East Carolina kuma 'yan Arewacin Karolina kaɗai take ɗauka, don haka kada ki zubar da kuɗin fom inda ba a buɗe miki ba. Wasu jihohin suna barin ɗalibi ya koma biyan kuɗin ɗan jiha bayan shekara ɗaya, wasu ba sa bari, sai kin tambaya. DDS da DMD, sunaye biyun da makarantu ke ba digirin likitan haƙori, abu ɗaya ne, lasisi ɗaya suke kaiwa, kuma ban taɓa jin mai ciwon haƙori ya tsaya tambayar sunan makarantar likita ba kafin ya buɗe baki. In makarantu biyu suka ɗauke ki, duk hukuma ta amince da su, ki ɗauki mai arha ko da ɗayar ta fi suna.

Mutane za su ce miki likitan haƙori ai kuɗi yake samu. Haka ne, ƙididdigar ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta sa matsakaicin abin da suke samu tsakanin dala 170,000 da 180,000 a shekara a 'yan shekarun nan. Amma wannan kafin haraji ne, ya kuma haɗa da waɗanda suka daɗe a aikin. Sabuwar likita ƙasa da haka take farawa. Da bashin dala 250,000 za a iya rayuwa a biya. Da na dala 550,000, fiye da rabinsa na banki da sunan Baba a kai, shekarunki na aure da haihuwa da taimakon ƙanne duk za su tafi a biyan wata. In ya zamana makaranta mai irin wannan tsadar ce kaɗai ta ɗauke ki, ni dai ba zan ga laifinki ba in kika haƙura da ita, kika ƙara shekara kina aiki kina tari, kika sake DAT, kika sake nema. Kuma in kika duba kika ga nauyin ya fi ƙarfinki gaba ɗaya, karatun masu wanke haƙori da kula da dasashi yana nan, shekara biyu zuwa uku, matsakaicin samunsu wajen dala 90,000. Ban kawo shi don in karya miki gwiwa ba, na kawo shi ne don ki san ba hanya ɗaya ce tak a gabanki ba.

A gida kuma, kada ki je musu da gardama, ki je da takarda. Ki rubuta makarantu biyar ko shida, jimillar kowacce, abin da gwamnati za ta ranta, da giɓin da ya rage. Ki zaunar da Baba da Mama da Yaya lokaci ɗaya. Na lura a wasiƙarki kowa ya yi magana ban da Mama, ki tambaye ta tukuna ke da ita, sau da yawa ita ta fi kowa sanin abin da ke shiga gidan da abin da ke fita. Ki ba kowa aikin da zai iya, don wanda aka ce wa "a'a" ba a ba shi wani abin yi ba yakan ji an raina shi. Baba ya ba ki takardun harajinsa a kan lokaci, ya kuma riƙe motarsa. Yaya, maimakon ya ranto dubbai, ya ɗauki nauyin tikitin ganawa ɗaya ko ya taimaka da kafin alƙalami. In kuma akwai makaranta kusa da za ki iya zama a gida kina zuwa, ɗakin da abincin da za su ba ki sun fi kuɗin motar nan nesa ba kusa ba, ki faɗa wa Baba haka da bakinki.

Cikin makon nan ki kira ofishin tallafin kuɗi na makarantar jiharki, ba sai kin faɗi sunanki ba. Ki tambaye su ko kwamitin zaɓe yana ganin bayanan kuɗin mai nema, ko suna ba da rancen nan mai kashi 5, wane tallafi makarantar ke da shi na kanta, da yadda ɗalibansu ke cike giɓi tun da aka sa iyakar dala 50,000. Ki kuma nemi likitan da kike yi wa aiki ya rubuta miki wasiƙar shaida tun da wuri, ya ga hannunki a bakin aiki, maganarsa tana da nauyi. Idan wasiƙun lissafi suka iso, ki sake rubuto min mu duba su tare kafin kowa ya sa hannu. Allah ya ba da sa'a, ki gaida su Baba da Mama.